Idan Ba Ki Gan Ni a Madubi Ba, Ki Tsaya

Wata mai karatu ta rubuto mini cewa mace mai shekara arba'in da uku ba ta da hurumin rubuta labarin soyayya, ta bar wa yara. Na gode, 'yar'uwa. Bakinku ɗaya da mahaifiyata, sai dai ita cewa take lokacin labari ya wuce, auren kawai ya rage.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan shafi: sunana Concetta Schembri, amma Cetta ake ce mini. Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Mackay, garin rake. Kakanninmu daga Malta suka zo saran rake, suka manta hanyar komawa. Shi kuwa mutumin da ake ta magana a kansa Alwyn ne, malamin kiɗa a makarantarmu, dogo, siriri, mai sanƙo, wanda yake kaɗa hannu a gaban mawaƙan coci ran Lahadi. Ɗan kudu ne, kuma shekara biyu ke nan yana cin abinci a gidanmu. An ba shi aiki a Ballarat, garinsu, da an dawo daga hutun Ista zai ba su amsa. A ɗakin malamai ya gaya mini, yana juya cokali a shayi, ya tsaya yana jiran in ce wani abu.

Na ce, "Ballarat akwai sanyi."

Digiri biyu gare ni. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Mama ta ji labari, ba ta yi shawara da kowa ba ta gayyace shi tafiyarmu ta arewa. Kowace shekara iyayena sukan ja karaban ɗinsu, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, su nufi Cairns. Kunkuru Baba yake ce masa. Ya girmi wasu malaman makarantarmu: labule mai furannin da rana ta cinye, hoton Maryamu a manne saman wurin wanke kwanuka, da wata ƙofar kabad da ke buɗe kanta duk lokacin da aka sha kwana. Bana likita ya hana Baba tuƙi saboda idonsa ya yi hazo, don haka sitiyari ya dawo hannuna. Alwyn ya zo da ɗan tantinsa, da gajeren wando, da doguwar safa har gwiwa.

Ba mu bar unguwa ba saƙon ƙanwata Pauline ya shigo daga Brisbane: "Yaya, Mama ta ce ta kunna kyandir uku a coci. Idan kika dawo ba zobe, kuɗin kyandir a kanki."

Na rubuta: "Ina tuƙi."

"Ƙarya kike, kuna gidan mai. Mama ta turo hoto."

Kun san yadda masaukin karaban yake da la'asar sakaliya. Tsofaffin da suka yi ritaya suka hau titi sukan jera kujerun naɗewa, kowa da kwalbarsa mai sanyi, duk sun fuskanci ƙofar shigowa. Ba faɗuwar rana suke jira ba. Jira suke baƙo ya iso ya yi ribas. Miji a sitiyari, mata a baya tana nuni da hannu, sauran jama'a alƙalai. Na ga auren shekara talatin yana rawa a kan famfo guda da aka take.

Iyayena kuwa ba a taɓa jin muryarsu ba. Mama, wadda ko a jana'iza ba ta iya yin shiru, takan tsaya a baya ta ɓangaren direba, hannu ɗaya a sama. Yafito da yatsu, taho. Nuni da ɗan yatsa, karkata can. Dunƙule hannu, tsaya. Doka ɗaya ce tak, tun muna yara muke jin ta: idan direba bai ga mai nuni a madubi ba, ya taka birki.

A Cardwell muka yada zango na farko. Mama ta dafa ƙugu ta ce bayanta na ciwo, Alwyn ya je ya yi nuni. Alhali bayan nata lafiyarsa lau, na gan ta ɗazu tana cicciɓar tukunyar gas.

Alwyn ya tsaya a baya ya ɗaga hannuwa biyu, ya fara wani lanƙwasa su a iska kamar mai shirin tayar da waƙar Kirsimeti. Wani tsoho mai jar fuska da ƙaton ciki, Clarrie, wanda iyayena suke haɗuwa da shi a hanya duk shekara, ya leƙo daga kujerarsa.

"Leli," ya kira Baba, "wannan surukin naka ribas yake nunawa ko ƙudan zuma yake kora?"

"Ɗan kudu ne," in ji Baba. "A yi masa uzuri."

Kunya ta kama ni. Na kafa ido a kan taya da bakin siminti, na murza sitiyari, na zura Kunkuru a gurbinsa tashi ɗaya, kamar an saka wuƙa a kube. Aka tafa. Clarrie ya ɗaga mini kwalba.

"'Yata, ke ba ki bukatar kowa."

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba. Alwyn ya sauke hannuwansa a hankali, ya je ya kafa tantinsa. Da aka zauna cin abinci ya yaba miyar Mama, ya wanke kwanuka. Daga Cardwell har Cairns ruwan sama ya bi mu, shi kuma yana kujerar baya kusa da Baba, yana karanta masa allunan hanya.

Jirgin ƙasan Kuranda shi ne dalilin tafiyar. Baba ya ce yana so ya hau tun idonsa na rarrabe fari da baƙi. Na sha hawansa, har da 'yan makaranta na kai, kullum da rani, lokacin da ruwan kogin Barron, inda yake faɗowa daga dutse, yake ɗiga kamar famfon da aka manta ba a ɗaure ba. Na san shekarar da aka fara aikin hanyar, na san da diga da shebur aka yi shi. A ganina ba abin da ya rage mini in gani.

Mun hau a tashar Freshwater da safe, ruwa ya ɗan tsagaita bayan ya kwana yana zuba. Taragon katako ne, kujeru jajaye, tagogi a buɗe. Mama ta sa hularta mai faɗin faranti da rigar ruwa ruwan hoda, ta rungume robar pastizzi, samosarmu ta Malta, kamar jariri. Clarrie ma yana ciki da matarsa, don irinsu ba a rabuwa da su sai an mutu.

Jirgin ya ratsa gonakin rake, ya yi wata doguwar kwana, sannan ya fara hawa. Muka shiga ramin farko da aka huda a cikin dutse, duhu da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, muka fito, muka sake shiga wani. Duk fitowa sai in ga duniya ta ƙara nisa a ƙasa. Gonaki suka koma kamar tabarmi da aka shanya, rufin gidaje kamar ɓawon gyaɗa, can ƙarshe teku ya kwanta fari fat, ba ka sanin inda ya ƙare sama ta fara. Ta hannun dama babu komai sai iska. Ta hannun hagu daji ya matso har ganye na shafar taga, kowane dutse na zubar da ruwa.

A gadar Stoney Creek jirgin ya rage gudu. Gadar a lanƙwashe take, a kan dogayen ƙafafun ƙarfe sirara, kana ganin kan jirgin a gaba yana tafiya a kan abin da bai fi zare ba. Ruwa na sauka daga dutse dab da mu, feshinsa ya shigo ta taga ya jiƙa mana fuska. Mama ta rufe robarta ta yi alamar gicciye. Clarrie, wanda tun Freshwater yake ba da labarin farashin dizal, ya bar maganar a tsakiya, bai koma kanta ba.

Kafin mu isa inda jirgin yake tsayawa a kalli kwazazzabon Barron, na fara jin wani abu a ƙirjina, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Na ɗauka ƙarar jirgin ce. Jirgin ya tsaya, abin bai tsaya ba.

Muka sauka muka isa bakin ƙarfen da aka kewaye wurin da shi.

Masu karatu, sana'ata magana ce, amma ku yi haƙuri da abin da zan iya kawowa. Ƙasa ce ta tsage, tsagewar da idonka zai bi ya gaji bai kai gindi ba. Kogi guda cur, ja kamar shayi da madara, ya zo bakin dutse ya faɗa. Ba zuba yake ba, faɗawa yake, yana karo da baƙaƙen duwatsu yana tashi yana sake faɗawa, kuma bayansa wani na zuwa, ba hutu. Daga ƙasa wani farin hayaƙi yake tasowa, ruwan sama mai hawa maimakon sauka, ya wuce kanmu. Na ga itace guda da saiwarsa, wanda mutum uku ba za su rungume ba, ya leƙo daga sama ya juya sau ɗaya kamar tsinken ashana, ya ɓace. Fararen aku suna shawagi a ƙarƙashin ƙafafunmu, bakinsu a buɗe, ba a jin kukansu. Rana ta ɗan leƙo, bakan gizo ya tsaya a cikin ramin, a ƙasa da mu. Ban taɓa sunkuyawa don in kalli bakan gizo ba sai ran nan.

Shekarun da na haddace duk suka zube. Na tsaya riƙe da ƙarfe, rigata ta manne a jiki, na ji ni ƙarama ƙwarai, kuma abin mamaki, ban ji haushin hakan ba.

Baba yana gefena, ya ɗaga fuska, ruwa na bin gemunsa. Ya sa baki a kunnen Mama, na ga leɓensa: "Josie, gaya mini."

Mama ta buɗe baki ta rufe. Sai ta kama hannunsa, ta ɗaga shi sama iyakar tsawonta, ta ja shi a kwance a hankali, sannan ta sako shi ƙasa da ƙarfi, ta watsa masa yatsu. Ta sake yi. Ta zana masa baka a iska, can ƙasa. Baba ya gyaɗa kai, yana murmushi irin na wanda aka ba shi labari tun daga farko har ƙarshe.

Na juya in ga ko Alwyn ya gani. Yana can gefe shi kaɗai, safarsa ta jiƙe ta zame zuwa idon sawu. Bai san ana kallonsa ba. Hannunsa na dama yana motsi kaɗan kaɗan a gefen cinyarsa, yana bin ruwan, kamar mai neman inda waƙar ta dosa. Wannan karon ban ji kunya ba. Hannun yana da kyau. Shekara biyu, ban lura ba.

A Kuranda, Mama ta ja Baba kasuwa da wata dabara da ko makaho zai gane. Aka bar mu a benci da askirim na mangwaro.

"Na sayi tikitin jirgin sama," in ji Alwyn. "Gobe da rana, daga Cairns. Zan je in duba gidan da za su ba ni."

"Hutu bai ƙare ba ai."

"Bai ƙare ba." Ya goge yatsunsa da hankici. "Cetta, ban damu da dariyar Clarrie ba. Na koyar da 'yan aji uku busa sarewa, ba abin da ɗan Adam zai yi mini kuma. Amma na tsaya a bayan motar nan, ina ganin fuskarki a madubi. Kin kalli taya, kin kalli famfo, kin kalli siminti. Ni ne kaɗai ba ki kalla ba."

"Ai na shiga daidai."

"Kin shiga daidai," ya ce. "Kullum kina shiga daidai."

Askirim ya narke ya bi mini hannu. Ina da amsoshi masu kaifi guda nawa, na saba da su, amma ƙarar ruwan nan tana kunnena har lokacin, duk sai suka yi mini kama da kukan sauro.

A jirgin dawowa Baba ya zauna kusa da ni, ya rufe ido. Na ɗauka barci yake.

"Ribas ɗinki na Cardwell bai yi ba," ya ce.

"Baba, ba ka gani ba. Har tafi aka yi."

"Na ji shi. Ba ki sassauta ko sau ɗaya don jiran hannu ba. Sa'a kika yi fili ne." Ya gyara zama. "Shekara arba'in ina jan Kunkuru, ban taɓa ganin bayansa ba. Ba mai gani. Uwarki kawai nake gani."

"Da ta kai ka rami fa?"

"Ta kai ni, sau ɗaya, a Bowen. Muka fito."

Muna isa masauki, matar da ke kula da wurin ta tare mu da lema. Rafin da ke bayanmu ya cika, ta ce, duk na layin ƙasa su koma tudu kafin magariba. Waɗanda ba su je jirgi ba sun riga sun kwashe wurare masu kyau. Abin da ya rage mana wani lungu ne a kan gangare, tsakanin wata tsohuwar bishiyar mangwaro da bakin wani gini da ƙasa ta zarce a bayansa, kuma sai an shiga a karkace.

'Yan kujeru sun riga sun jeru a ƙarƙashin rumfuna. Ruwan sama bai taɓa hana su aiki ba.

Muka ɗaura Kunkuru. Mama ta dafa ƙugu tun kafin a tambaye ta. Alwyn ya dube ni.

"In kina so in kira Clarrie."

"Je ka baya, Malam," na ce. "Ta ɓangarena."

Ya sunkuyo ta taga, ruwa na ɗiga daga sanƙonsa. "Idan ba ki gan ni a madubi ba, ki tsaya. Baba ya koya mini a hanya."

Na sa giyar baya. Da Kunkuru ya fara lanƙwasa, madubin hagu ya cika da farin bangonsa, ba mangwaro, ba gini, ba komai. A na dama kuwa, tsakanin ɗigon ruwa, ga Alwyn, ƙarami kamar hoton fasfo, hannu ɗaya a sama. Ya yafito. Na tafi. Ya nuna hagu. Duk jikina ya ce a'a, dama ne, hagu ai bishiya ce. Na ji Clarrie yana ce wa matarsa, "Yanzu za mu sha mangwaro kyauta."

Na kalli hannun nan. Bai yi rawa ba. Irin hannun da yake riƙe mutum talatin a kan murya ɗaya ne har sai ya ga dama ya sake su. Na murza hagu.

Ganye ya shafi rufi, shafa kawai. Taho, in ji yatsun. Kaɗan. Kaɗan. Dama yanzu. Ban san inda tayata take ba, ban san saura taku nawa a kai bakin ginin ba, karo na farko tun da na karɓi lasisi. Na ji irin abin da na ji a bakin kwazazzabo, ƙasa ta yi nisa, ni ƙarama, kuma ba laifi. Hannun ya dunƙule. Kafin in gama taka birki, madubin ya zama wayam.

Babu Alwyn.

Na danne birki da ƙafa biyu, na ja na hannu, na fito ban rufe ƙofa ba. Gangaren nan kawai nake gani a raina. Na zagaya da gudu, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi.

Yana nan. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya cikin laka, yana cusa wejin katako a ƙarƙashin taya. Kunkuru ya zauna tsakanin bishiya da gini kamar a nan aka haife shi, tazarar da ta rage ba ta fi tafin hannu ba.

Sai dai daga rumfuna ba a ganin weji. Abin da ake gani shi ne namiji a kan gwiwa ɗaya, mace tsaye a gabansa tana haki, sak yadda ake neman aure a nan. Matar Clarrie ta dafa ƙirji. Mama, mai ciwon baya, ta iso da gudun da ban san tana da shi ba, waya a sama, tana kuka tun kafin ta san dalili.

Alwyn ya dubi jama'a, ya dubi wejin, ya ɗago ya dube ni.

"Kin tsaya," ya ce.

"Ban gan ka ba."

"To." Ya share ruwa daga fuskarsa, ya bar laka a madadinsa. "Gwiwar nan tawa, in ta sauka takan ɗau lokaci kafin ta tashi. Tunda ina nan ƙasa, kuma ga shaidu sun biya kuɗin kujera, in tafi Ballarat ne, ko in zauna?"

"Ɗaga murya, ɗan kudu," in ji Clarrie. "Na baya ba sa ji."

Na buɗe baki. Wallahi abin da ya fara zuwa shi ne maganar sanyi. Na haɗiye ta. Ban yarda da bakina ba, ya sha kai ni rami. Sai na ja da baya taku biyu, inda zai gan ni sosai, ƙafa ɗaya ba takalmi, na ɗaga hannu ɗaya sama, na yafito shi da yatsu.

Taho.

Aka tafa, tafin da ya fi na Cardwell, kuma wannan karon ba ni kaɗai aka yi wa ba. Baba yana tambaya, "Me ta ce? Josie, me ta ce?" Mama ta kama hannunsa ta lanƙwasa masa yatsu. Wayata ta yi ƙara a aljihu, Pauline ce: "Yaya, ina takalminki?"

Sai da ni da Clarrie muka haɗu muka ɗaga Alwyn. Muna tsaye ana ta ba mu hannu, Baba ya lalubo makullin Kunkuru daga aljihunsa ya danƙa mini, ya ce daga yau namu ne, mu je duk inda muke so bayan biki.

"Tasmania," in ji Mama, tana share hawaye da gefen hula. "Ban taɓa zuwa ba. Ni da babanku ƙaramin gadon ma ya ishe mu."